Jan Kunkuru a Ƙarƙashin Baƙar Safa

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Wata ta ce idan ban ci gaba yau ba za ta bar shafin. Ki bari, 'yata, ƙofar ba ta da sakata. Wata kuma ta rubuto wai macen da ta haura saba'in ta wuce jin kunya, kunya ta 'yan mata ce. Ban san wa ya koya miki haka ba. Zauna ki karanta.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Sunana Kosara. Na koyar da ilimin sinadarai a sakandaren garinmu, Pirot, har na yi ritaya. Mijina Velimir ya rasu. Ina zaune da ɗana Boban da matarsa Nevena, wadda take yi wa mata kwalliyar farce a ƙaramin ɗakin baya. Mun tsaya ne a ranar sadakar arba'in: mun dawo daga maƙabarta, gida ya cika, an zauna cin abinci. Tun ranar jana'iza hannuwana suna cikin baƙar safa. Na ce wa kowa ƙaiƙayi ne, likita ya hana iska ta taɓa su.

Ƙarya ce. Waɗanda suka san abin da ke ƙarƙashi su yi shiru, sauran za su gani.

An gama zagayawa da dafaffiyar alkamar sadaka, kowa ya ɗebi cokalinsa ya yi wa mamaci addu'a. Limamin cocinmu, Fada Gavrilo, yana zaune a kan tebur yana yaƙi da wake. Sai Zagorka, yayar mijina, ta ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi.

Zagorka ta ba tamanin baya, kuma duk layinmu ita ce mai faɗin abin da ake yi da abin da ba a yi. Ta ce akwai maganar da ta danne tun ranar da aka binne ƙaninta, don an ce ran mamaci yana kewaya gidansa har kwana arba'in, ba ta so ya ji. Yau ya tafi, za ta faɗa.

Ni dai a sanina, Velimir da ransa ma ba ya jin abin da ake faɗa daga kicin.

Ta juya wajen Stanimir, maƙwabcinmu, wanda ya yi wa gawar wanka.

"Faɗa musu abin da ka gani da ka cire masa safar ƙafa."



Stanimir ya sunkuyar da kai, ya ce a bar zancen nan, ga abinci a gaba.

"Ka faɗa wa matarka. Matarka ta faɗa wa mai cuku a kasuwa. Mai cuku ta faɗa mini ina tsaye da kwandona. Yanzu ne kake jin nauyi?"

Duk rayuwata ina jin ana cewa maza ba su da tsegumi. Na yarda da wannan sau ɗaya tak, a kan Stanimir, ga abin da ya jawo mini.

Ya yi magana kamar ana zare masa ita daga maƙogwaro. Ya ce faratan ƙafar Velimir ja ne. Jan farce irin na mata, mai ƙyalli, da ɗigo-ɗigon baƙi da fari a kai. Ya goga da sabulu, ya goga da soso, bai fita ba. Sai ya mayar da safar ya rufa masa asiri.

"Asirin da ya kai kasuwa," in ji wani daga ƙasan tebur. Ba wanda ya yi dariya.

Daidai lokacin Nevena ta shigo daga kicin da tukunyar kabeji a hannu. Idanu suka koma kanta gaba ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Bari in tsayar da ita a nan da tukunyarta, in gaya muku gaskiya.

Ni na yi masa.

Ciwo ya kashe wa Velimir ƙafafu tun bara. Yana kwance yini guda, ba abin da yake kallo sai su, a can ƙarshen gado, farare kamar na wani. Wata rana ya ce mini, "Kosara, waɗancan ba nawa ba ne. Sa musu alama in gane su." Na ce ya yi hankali da bakinsa. Ya nuna dardumar da ke rataye a bango, saƙar mahaifiyarsu, ja mai zanen kunkuru irin na garin nan. Ya ce ga alamar, ga kuma kwalabe cike da ɗakin surukata, me nake jira.

Na jira Nevena ta fita kasuwa, na shiga ɗakinta kamar ɓarauniya. Na ɗauko ja, da baƙi, da fari, da 'yar fitilar nan da ake sa hannu a ciki fentin ya ƙanƙame. Burushinta ya fi ƙarfina, sai na koma tsinken sakace. A shafa ja siriri, a busar. A sake shafawa, a busar. Sannan a tsoma tsinke a baƙi, ɗigo a tsakiya, ɗigo huɗu ƙafafu, ɗaya kai. Kunkuruna na farko ya fi kama da ƙudan da aka murƙushe. Velimir ya yi dariya har ya sarƙe. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ya kwanta.

Daga nan ya zama aikinmu na rana, duk lokacin da gida ya yi shiru. Na ƙware, ban da yabon kai.

A makon da zai rasu ya ce yau shi zai yi mini. Hannunsa yana rawa. Ya ɗauki yamma guda a kan hannuna na dama, yana zagin tsinken, yana zagin kunkuru, yana cewa in daina numfashi ina girgiza masa tebur. Kunkuru biyar, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Ya cika da asuba, ba sallama. Irin wannan fentin ba ya fita da gogawa, sai an jiƙa auduga an naɗe an jira. Kafin in dawo hayyacina maƙwabta sun cika tsakar gida. Na sa masa safar ƙafa, na sa wa kaina ta hannu. Mace mai digiri, ban tuna cewa mai wankan gawa daga safa yake farawa ba.

Nawa kuwa ban goge ba. Ba zan iya ba. Duk mako nakan kulle ƙofa in ƙara masa ruwan ƙyalli don kar ya ɓare. Farce yana girma, kunkurun suna tafiya a hankali zuwa baki, suna barin fili a bayansu. Ina kallonsu suna tafiya. Ranar da suka kai baki zan yanke su da hannuna, na sani.

To mai takaba a nan baƙi take sawa daga kai har ƙafa. Ba ɗan kunne, ba jan baki. Ja a farce kuwa, sai dai a ce ta yi murna.

Kuma ba kowace mai takaba ba ce, ni ce. Ni da na yi shekaru ina tsayawa a ƙofar makaranta da auduga da ruwan gogewa daga ɗakin gwaji, ina kama hannun 'yan mata. Rabin matan da ke teburin nan na taɓa goge musu farce suna hawaye. Har Nevena. Ranar da ta fara sana'ar nan, a kan wannan teburin na ce ashe karatun da na ba ta a kan yatsun mutane zai ƙare.

Yanzu ku mayar da ita bakin ƙofa.

Zagorka ta nuna ta da cokali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙata ba. Ta ce mace ɗaya ce a gidan nan mai kwalaben fenti. Mutum yana kwance, ba ya jin ƙafarsa, ba ya iya kare kansa, aka mayar da shi allon gwaji. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran layin dogo, aka tura shi gaban Ubangiji da ƙafar 'yar rawa. Gari yana dariya, danginsa suna bin bango.

Nevena ta ajiye tukunyar a hankali. Ba ta dubi Zagorka ba. Ni ta duba.

Na dubi farantina.

Ku rubuta wannan a inda kuke rubuta abubuwa. Na dubi farantina. Akwai wake bakwai ko takwas a ciki, na shiga tura su gefe da cokali kamar wani muhimmin aiki.

Fada Gavrilo ya yi gyaran murya, ya ce ai Ubangiji zuciya yake dubawa, ba ƙafa ba.

"Ci wakenka, Fada," in ji Zagorka. "Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma."

Ya ci wakensa.

Boban ya miƙe. Ɗana mutum ne mai sanyi, amma tun yana yaro idan gwaggonsa ta yi magana sai ya nemi inda zai tsaya a bayanta. Kunnuwansa sun yi ja.

"Nevena, gaskiya ne?"

"Kai me ka gani?"

"Ba tambayata za ki yi ba. Ke kika yi?"

"Ni nake wanke ƙafar Baba kullum da safe," ta ce. "Na ga fentin, ban ɓoye ba."

"Ba ta ma musa ba," in ji matar Stanimir.

Kullum da safe. Sai a lokacin abin ya sauka mini. Ita take cire masa safa, ta wanke, ta shafa mai, ta mayar. Wata da watanni tana ganin kunkuruna, tun suna ƙudaje. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Na tuna yadda kwalbar jan nan ta daina ƙarewa. Na tuna ranar da na tarar da siririn burushi sabo an ajiye shi a bakin tebur, a inda makaho ma zai gani. Ni kuma ina ta yabon kaina wai na iya sata.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na hango Dragica mai kantin magani, wadda na taɓa korar ta gida saboda farce ɗaya, tana kallona da tausayi irin na ɗaliba ga malamarta. Na mayar da bakin na rufe.

Zagorka ta dafa kafaɗata.

"Dubi baiwar Allah, ta kasa magana. A ƙarƙashin hancinki aka yi, Malama, duk karatunki. Yi haƙuri, mu za mu yi miki maganar."

Na bar hannunta a kafaɗata. Na ma gyaɗa kai, ina jin. Ban tabbata ba, amma ina jin na gyaɗa.

Boban ya ce wa matarsa ta je ta kwaso kayan nan duka, kwalabe da fitila da komai, ta kawo nan. A gaban kowa za a zuba a shara. Sannan ta durƙusa ta nemi gafarar Gwaggo da ta mahaifiyarsa. Idan ba za ta iya ba, ta san hanyar gidan ubanta.

"Boban," na ce.

Ya juyo. Kowa ya juyo.

"Na'am, Mama?"

"A rage murya. Akwai baƙi."

Abin da na faɗa ke nan. Shekara shida yarinyar nan tana kirana Mama.

Nevena ta fita. Muna jin ta a ɗakin baya, kwalabe suna karo da juna. Ba wanda ya ci abinci, sai Fada, shi ma a ɓoye. Ta dawo da akwatin a hannu da rigar sanyinta a kafaɗa. Ta ajiye akwatin a gaban mijinta.

Ba ta durƙusa ba.

Ta buɗe shi, ta zaro kwalbar ruwan gogewa da ƙullin auduga. Ta zagayo tebur, ta ajiye su a gefen farantina. Ta sunkuyo daidai kunnena yadda ba mai ji.

"Ki ɓoye wannan kafin ya zubar, Mama. Wata rana za ki buƙata. A jiƙa sosai, kar ki kankare, farcenki ya yi laushi."

Ta miƙe. Ta ciro makullin gida daga aljihu ta ɗora a kan akwatin. Ta ce wa Boban ba ta taɓa ƙafar mahaifinsa ba sai don ta wanke ta, kuma da ya taɓa wanke ta ko sau ɗaya da bai yi wannan tambayar ba. Ta yi wa Fada sallama. Ta fita.

Ƙofar falo ta rufe.

Ina kallon kwalbar. Irin wadda nake tsayawa da ita a ƙofar makaranta ce, har warin.

Zagorka ta ce kowa ya ci abinci, an gama.

Na sa haƙori na kama bakin safar, don yatsuna sun ƙi aiki. Na ja. Ta maƙale a zobe. Na sake ja. Na ɗora hannuna a tsakiyar tebur, tsakanin kwanon alkama da hoton Velimir.

Kunkuru biyar, karkatattu, sun yi rabin hanya.

Matar Stanimir ta yi alamar gicciye. Dragica ta rufe baki da tafin hannu, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

"Ni na yi masa," na ce. "Shi ya roƙa. Wannan kuma shi ya yi mini."

Muryata ta fito siririya, ba irin ta aji ba.

Zagorka ta kamo hannun ta kai kusa da idonta. Ta daɗe. Ta ɗaga kai ta hango dardumar mahaifiyarsu a bango ta buɗaɗɗiyar ƙofar ɗaki, ta sake duban hannun. 

"Ja," ta ce. "A cikin takaba. Da wannan kika tsaya a kan kabarinsa ɗazu."

"Da shi."

Boban bai dubi farcen ba. Fuskata yake duba.

"Mama, kina zaune na faɗa mata duk abin da na faɗa?"

 

Sai na ji ƙarar ƙofar waje.

Na miƙe, kujera ta faɗi. Zagorka ba ta saki hannuna ba. Tsohuwa ce amma riƙonta na masu saƙa ne.

"Ba za ki fita titi da wannan hannun ba. Duk layi suna waje. Sa safarki tukuna."

Ta miƙo mini ita. Kuma ku ji, na miƙa ɗaya hannun zan karɓa. Har na taɓa ta. Haka kunya take, ba ta sakin mutum don ya yi abin kirki sau ɗaya.

Na ji an kunna mota.

Na fizge hannuna na bar mata safar.

Na fita da silifas. Maza suna tsaye a bakin ƙofa suna shan taba, matan layi suna jingine a shinge da baƙin kallabi. Na ratsa su ina ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da bas, jan yana ƙyalli a rana. Na ji wata ta ce, "Ba Malama Kosara ba ce?" Wata ta ce, "Ita ce, dubi hannun."

Nevena ta riga ta juya 'yar motarta. Na tsaya a gabanta, na dafa gilashin da tafin hannuna na dama.

Ta taka birki.

Ta dubi hannun ta cikin gilashi. Ta dubi mutanen da ke bayana. Sannan ta sauke tagar gefenta.

"Na faɗa musu," na ce. "Nevena, na faɗa."

"Bayan na fita."

"Bayan kin fita."

"Na tsaya a ƙofar kicin ina jiranki, Mama. Na je ɗaki na yi ta jan lokaci da kwalabe ina jiranki."

"Na sani."

Boban ya fito da gudu yana kiran sunanta, makullin gidan a hannunsa. Ba ta juya ba. Ta miƙa hannu ta buɗe ƙofar gefe.

"Shigo."

"Za ki dawo?"

"Ban ce na yafe ba. Ban ce zan kwana a gidan nan ba. Na ce ki shigo."

Na shiga. Ta kulle ƙofofin daidai lokacin da Boban ya kama mariƙin ƙofar.

"Ina za mu?"

"Maƙabarta. Baba ya bar miki magana a bakina. Ya ce kar in faɗa sai ranar da kika fito da hannun nan gaban mutane." Ta sa wa motar giya. "Ya ce ba za ki taɓa iyawa ba. Ni na ce za ki iya."

"Wace magana?"

Ta dubi madubi, inda ɗana yake tsaye a tsakiyar titi da makulli a hannu.

"Rabinta taki ce," ta ce. "Rabin kuma a kan Boban ne."